Janar Mainasara da Kwanon Goggo

Duk wanda ya taɓa shiga tashar motocin Kongolam a garin Daura ya san Mainasara. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Sana'arsa turi ce: ka miƙa masa memorin wayarka ko na rediyon motarka, ya soka a kwamfuta, ya cika maka shi da waƙoƙi da finafinai, ka ƙara gaba. Teburinsa yana can ƙuryar tasha a gindin katanga, inda rana ke fara sauka da safe, ba ta kuma tashi sai ta ga bayan kowa.

Abin ya faro ne ranar da wani ya jefa shi a cikin wani guruf na waya, inda ake turo bidiyon yadda manyan ƙasashe ke yaƙar juna ta kwamfuta. Tun daga nan ya daina cewa "teburina", ya koma "sansanina". Tsohuwar kwamfutarsa, wadda sai an tokare murfinta da dutse take tsayuwa, ta zama "hedikwata".

"Ku kuna nan kuna wasa adda," yake gaya wa direbobi, "duniya ta wuce wurin. Yanzu mutum yana kishingiɗe yana shan fura zai kashe wutar lantarkin ƙasa guda da ɗan yatsa."

Wani direba ya ce, "Mu ai tamu a kashe take. In da hali ka kunno mana."

Ranar aka sa masa Janar. Ya karɓi muƙamin hannu bibbiyu, bai tsaya binciken ko waye ya naɗa shi ba.

Ana nan sai shugaban tasha, Alhaji Dabo, wani dattijo mai gemu ja da lalle, ya gina sabuwar rumfa a bakin ƙofa. Rufin kwano, daɓen siminti, ga inuwa, ga wurin jona wuta, kuma duk motar da za ta fita sai ta tsaya a gabanta. Ya ce ɗan turi ɗaya zai ba wa, ranar Lahadi kuma zai miƙa makulli. 'Yan turi kuwa biyu ne a tashar: Mainasara, da taubashinsa Badaru, ɗan Goggo Barakatu, ƙanwar mahaifin Mainasara.

Badaru mutum ne da ko tafiya yake kamar an roƙe shi. Sai dai yana da abin da Mainasara ba shi da shi: tarin kiɗan Buzaye da na Zabarmawa da tsofaffin waƙoƙin Damagaram, irin waɗanda direbobin da ke tsallaka iyaka ke mutuwar so. Wannan ne ya hana Janar sukuni.

A makon nan kuma sai Badaru ya riƙa zuwa tasha hannu rabbana, ba kwamfuta. Ya zauna a benci yana ɓare gyaɗa.

"Bawana," in ji Mainasara, "ina ka baro akwalar taka?"

"Tana gida tana hutawa, bawan gado. Taka da ke aiki me ta tsinana maka ban da baƙin ƙeya?"

"Ranar Lahadi za ka ga baƙin ƙeya a cikin inuwa."

"Allah ya kai mu. In ka shiga ka ɗan ajiye min gefe, ka san bawa ba ya cin daɗi ubangidansa na rana."

Mainasara ya koma teburinsa yana gyaɗa kai. Shi ya gane abin da sauran ba su gane ba. Ya ja Maijidda mai fura gefe, wadda gidansu ke jikin nasa, ya rage murya yadda rabin tasha kawai za su ji.

"Kin ga abin da ya yi? Ya janye na'urarsa daga fili, ya ɓoye ta a gida, ya raba ta da intanet. Dabarar manyan ƙasashe ke nan. Irin wannan ba a kai mata hari ta iska. Sai dai a loda makami a filas, ɗan abin nan na ajiyar waƙoƙi da ake sokawa a kwamfuta, a sa mai ita ya soka da hannunsa."

Maijidda ta ce, "Za ka sha furar ko in dama wa wani?"

Makamin bai yi wuyar samuwa ba. A guruf ɗin akwai wani mai kiran kansa Injiniya, wanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, hotonsa ma na damisa ne. Ya yi wa Mainasara bayani cewa bairos ne, wato ƙwayar cutar kwamfuta, na zamani mai kwanton ɓauna. In ya shiga kwamfuta sai ya lafe, ba tari ba atishawa, sai safiyar ranar da aka sa masa. Ranar sai ya tashi ya cinye duk wata waƙa da ke ciki, ya ajiye muryar da ka naɗa a madadinta, sunayen waƙoƙin kuma suna nan yadda suke. Gargaɗi ɗaya ya yi masa: filas ɗin da ka loda wa, kada ya sake kusantar kwamfutarka.

"Ni za a gaya wa?" in ji Mainasara.

Yana fara sauke makamin, garkuwar da ke cikin kwamfutarsa, wato manhajar nan mai kama bairos, ta fara kuka tana watso jan rubutu. Ya danna, ta dawo. Ya sake dannawa, ta sake dawowa.

"Kai, wane irin maigadi ne wannan da bai san mai gida ba?" Ya tuge ta gaba ɗaya, ya share. Kwamfuta ta yi tsit, Janar ya ce yanzu aka samu ɗa'a a sansani.

Saura naɗar murya. Da hantsi ya shige ɗaka ya turo ƙyaure, ya matse hancinsa da abin maƙale shanya don kada a gane shi, ya kafa waya a gaba ya fara. Yana tsakiyar jawabi matarsa Hadijatu ta ɗago murya daga tsakar gida ta yi wata magana. Ya ba ta amsa a fusace, ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ya gama ya kunna don ya ji. Farkon ya yi masa daɗi ƙwarai, har tsigar jikinsa ta tashi. Sai ya mayar baya ya sake jin farkon. Ya sake. Haka ya yi ta yi har azahar, bai taɓa kaiwa tsakiya ba.

Ya loda makami a wani baƙin filas, ya sa masa safiyar Lahadi, ya ɗauko jan farcen Hadijatu ya ɗiga masa babban ɗigo a ciki.

"Wannan alamar mutuwa ce," ya ce mata. "Ko a mafarki na ga jan nan, ba na taɓawa."

"Jan farcen nawa ne alamar mutuwa, Baban Ummi?"

"Ki bar wannan. Dambu nake so ki yi, mai zogale, ki sa a kwanon nan mai murfi ki kai wa Goggo. Wannan kuma ki ce kyauta ce ga Badaru, sababbin waƙoƙi ne daga Kano."

Hadijatu ta dube shi sama da ƙasa. "Rabonka da aika wa Goggo ko goro tun sunan Ummi."

"Zumunci ne ya motsa."

"Allah ya sa ba wani abin ne ya motsa ba."

Ta yi dambu, ta kai.

Wanda ya kai hari dole ya shirya wa ramuwa, in ji Janar, don haka ya shiga gyaran tsaro. Ya cire modem ɗinsa na intanet ya kulle a cikin kwallar Hadijatu ta jere. Ya liƙe idon kyamarar kwamfuta da filasta. Ya kafa doka cewa duk mai waya ya tsaya nesa da tebur, abin da ya sa masu kawo memori suka riƙa jefo masa daga nesa kamar masu ba kura nama. Sannan ya canja kalmar sirri, ya haɗa wata doguwa mai haruffa da lambobi da sunan kakarsa a juye, wadda ya ce ko ƙwararrun Turai sai sun shekara dubu suna lalube.

Washegari ya buɗe kwamfuta a tasha, kalmar ta ɓace masa.

Ya gwada, ta ƙi. Ya cire hula ya gwada, ta ƙi. Direbobi na jira, gumi na bin baƙar ƙeya. Maijidda ta ajiye ludayi ta matso, ta karanto masa ita tiryan-tiryan, har da inda ake sa babban baƙi.

Ya zaro ido. "Wa ya turo ki? Wa kike yi wa aiki?"

"Kai ne jiya ka wuni kana rera ta a banɗaki kamar karatun allo. Duk layinmu mun haddace. Har maƙwabciyarmu, tsohuwar nan da ba ta ji sosai, ta riƙe rabin."

Janar ya ce da ma gwajin tsaro yake yi, kuma unguwa ta ci jarrabawa.

Ranar Alhamis ya fita leƙen asiri. Ya aro rawani ya naɗe fuska irin ta Buzaye, ya sa baƙin tabarau, ya bi ta ƙofar gidan Goggo, can bayan rijiyar Kusugu, yana ɗingishin ƙarya. Goggo Barakatu na zaune a zaure tana dirzar wata tukunya da toka. Mace ce da ba ta iya ganin tabo ta ƙyale, irin wadda ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Mainasara, me ya samu ƙafar?"

"Ba komai, Goggo."

"To tunda ba komai, ɗauki buhun geron can ka kai min inji."

Ya kai, ya jira, ya dawo da gari a ka, rawani ya yi fari fat. Yana saukewa ya ce, "Goggo, Badaru ya ga saƙona kuwa?"

"Ya gani. Ya juya shi a hannu, ya yi shiru, ya ce kai ɗan'uwa ne."

Mainasara ya fito yana dariya ƙasa-ƙasa. Wato Badaru ya yi shiru. To da me zai ce?

Ranar Asabar da la'asar sai ga Goggo da kanta ta yi sallama, kwano a hannu yana ƙyalli kamar yau aka saye shi. Hadijatu ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi Ummi. Sannan ta turo kwanon gaban Mainasara.

"Ga kwanonku. Ba a mayar da kwano wayam, ba a gidanmu ba."

Ya buɗe. Ƙuli-ƙuli ne cike, a samansa kuma wani ƙullin tsumma. Ya kwance, sai ga filas-filas sun zubo, farare da baƙaƙe da shuɗɗa, tarin Badaru kaf.

"Ɗan'uwanka ya ce in kawo maka," in ji Goggo. "Ya ce ya haƙura da rumfar, zai tafi garin Babban Mutum ya kama noma wurin kawunsa. Ka san kwamfutar tasa…"

"Na sani, Goggo."

"Ka sani?"

"Na riga kowa sani." Ya kasa riƙe murmushi. Wato makamin don ƙarfi bai ma iya jiran Lahadi ba.

Goggo na fita ya miƙe ya zaga tsakar gida, hannu a baya. "Hadijatu, kin san sunan wannan? Ganima. Abokin gaba ya miƙa wuya, ya aiko da makamansa a cikin kwano."

"Ni dai ƙuli-ƙuli na gani da zumunci."

"Shi ya sa ba a ba ku sirrin yaƙi."

Amma fa Janar ba yaro ba ne. Ya baje filas-filas ɗin a tabarma, ya ɗaga kowanne a rana, ya duba ciki da bai. Babu mai jan ɗigo ko ɗaya. Sai ya jawo hedikwata ya tokare ta da dutse, ya riƙa soka su ɗaya bayan ɗaya yana kwashe kiɗan Buzaye da na Zabarmawa. Maigadin da zai yi kuka kuwa an riga an sallame shi.

Lahadi ranar kasuwar Mai'aduwa ce, tasha ta cika tun da sassafe. Labari ya bazu cewa tarin Badaru ya koma hannun Mainasara, direbobi suka yi masa layi. Ya sa farar shadda, ya soke dokar tsayawa nesa saboda murnar nasara. Soka, cika, zare. Soka, cika, zare. Bai tsaya sauraron ko ɗaya ba, ina lokaci? Ga sunayen waƙoƙi nan reras. Motocin Kongolam suka fita, na Zangon Daura suka fita, na Damagaram suka fita, har da wata tirelar shanu.

Da hantsi ya ɗaga aka taru a gaban sabuwar rumfa. An kafa lasifika a kan rufi, Alhaji Dabo ya zauna a kujera da makulli a hannu, 'yan kwamiti na gefensa. Badaru ma ya zo sallama, da jakarsa a kafaɗa.

"To, Mainasara," in ji Alhaji, "tunda ɗan'uwanka ya janye, magana ta ƙare. Kafin in miƙa, sa mana waƙar nan da aka yi min ranar naɗi, mutane su ji aikinka."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya jona kwamfuta da lasifika, ya nemo sunan waƙar, ya danna da ɗan yatsa ɗaya, irin dannawar da ke kashe wutar ƙasa guda.

Babu kalangu, babu algaita. Wata murya ce ta fito ta hanci, kamar agwagwa mai mura.

"Ya kai Badaru, bawan gado. Wannan saƙo ne daga Baƙar Kunamar Sahara. Waƙoƙinka sun zama toka."

Mainasara ya kai hannu zai kashe, garin sauri ya ƙure ƙarar.

"Rumfa ta fi ƙarfinka. Shi kuma tsohon nan mai jan gemu, wanda bai san bambancin kwamfuta da farantin tuwo ba, ba shi da zaɓi, dole ya miƙa makulli ga gwani."

Alhaji Dabo ya shafa gemunsa a hankali. Sai kuma muryar mace ta shigo daga nesa, tar da ita.

"Baban Ummi, in ka gama yaƙin ka fito ka kori akuyar nan, ta kama wandonka na Juma'a."

"Ke Hadijatu, ina kan aikin sirri, ki jefe ta da takalmi mana." Aka ji gyaran murya, hanci ya koma yadda yake. "Kuma har abada babu wanda zai san ko ni wane ne."

Maijidda ce ta fara dariya, ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe da ciki. Daga nan tasha ta ɗauka. Wani kwandasta ya faɗo daga saman mota don dariya.

"Kutse ne," in ji Mainasara. "Ranka ya daɗe, harin ƙasashen waje ne. Yanzu suna da na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum."

"Har da ta akuyarsa?" in ji wani ɗan kwamiti, don kuwa an ji kukanta a ƙarshe.

Ya danna waƙa ta gaba. "Ya kai Badaru, bawan gado." Ya tsallaka kiɗan Buzaye. "Ya kai Badaru." Ya buɗe na Zabarmawa. Kunamar Sahara dai ce, ba ta gaji ba.

Ana cikin haka motocin safe suka fara dawowa. Direban Kongolam ya shigo da gilashi a sauke, muryar na tashi daga rediyonsa, fasinjojin baya suna amsa "ki jefe ta da takalmi mana" baki ɗaya kamar amshi. Na Zango ya ce wata tsohuwa ta sa ya tsaya a hanya, wai sai ta ji ko an ceto wandon. Mai tirela ya sauko yana huci, ya ce tun daga kwanar gari shanunsa ke sauraron Janar, yanzu ko kara sun ƙi ci.

Mainasara ya juya kan Badaru. "Kai ne. Ka yi min ramuwar gayya. Na duba, babu mai jan ɗigo a ciki."

"Au, mai jan nan?" Badaru ya gyara jakarsa. "Ai Inna ce ta gan shi a kan taga, ta ce wane ƙazami ne ya ɗiga wa abu jini. Ta kankare shi da wuƙa, ta goge da toka, ta haɗa da sauran. Ni kuwa me zan yi da shi?"

"Ba ka soka a kwamfutarka ba?"

"Wace kwamfutar? Wadda shayi ya zube a cikinta tun makon jiya? Ko fitila ba ta kawowa. Na ce maka hutawa take."

"To me ya sa ka yi shiru da ka karɓa?"

"Kunya ce ta kama ni, bawana. Na ce ga mutumin da nake zagi kullum, ya ji na shiga uku ya aiko min da kyauta. Shi ya sa na ce a kwashe komai a ba ka."

Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. An dai kalli Mainasara, kallon ya fi dariyar ciwo.

Alhaji Dabo ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Badaru, ajiye jakar nan. Ungo."

"Alhaji, ni fa ba ni da kwamfuta."

"Na ji. Ni tsoho ne, ban san bambancinta da farantin tuwo ba. Amma na ga wadda ba ta magana ta fi zaman lafiya." Ya danƙa masa makulli, ya wuce.

Noman Babban Mutum dai bai samu Badaru ba. Filas-filas ɗinsa sun tafi, kiɗan Buzaye ya tafi, amma ya ɗauki muryar Kunama a wayarsa, ya zauna a inuwa yana tura wa mutane waya zuwa waya. Layi har bakin titi. Kafin wata ya kama ya gyara kwamfutarsa, ya fara sabon tari, kuma har yau abin da aka fi nema a rumfar shi ne "a sa min Janar". In waya ta yi ƙara a tashar Kongolam, da wuya ka ji ba Hadijatu ce ke kiran Baban Ummi ba.

Shi kuwa Mainasara yana nan a gindin katanga, rana na gasa masa ƙeya. Ranar da abin ya faru ma, da ya koma gida da la'asar, bai shiga da kai a sunkuye ba. Ya tsaya a tsakar gida, hannu a baya.

"Hadijatu, ki bar ganin mutane na dariya, ba su san yaƙi ba. Makami ɗaya na harba. Kafin azahar ya ci Daura, ya ci Zango, ya tsallaka iyaka ba fasfo. Ki nuna min wanda ya taɓa yin haka a ƙasar nan."

Hadijatu na tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Babu, Janar. Sai dai in an tsagaita wuta ka ɗan waiwaya. Ga akuyar can ta kama hular."